Faɗuwa da gangan don a gina ƙungiya: daga hokin ƙanƙara zuwa Golden Stars

Jama'a, zaren yau mai tsawo ne, kuma a kan wasan da yawancinmu ba mu taɓa gani ido da ido ba: hokin ƙanƙara. Na san za a ce me ya haɗa ɗan Dutse da ƙanƙara, garin da a watan Afrilu ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Ku dai biyo ni, maganar gida za ta dawo.

Akwai wata magana da ta shigo gidajen kallon ƙwallo, daga Takur har Fagoji. Duk ƙungiyar da ta fara tangal-tangal sai ka ji wani ya ce, "A bar ta ta faɗi warwas, sai a sake gini daga tushe." Ana faɗa wa Man United haka. Ana faɗa wa Pillars. Mu ma an faɗa mana a kan Jigawa Golden Stars.

Maganar nan ba a nan aka haife ta ba. Daga Amurka da Kanada ta zo, kuma a can tana da dalili. Dalilin ne ba ya biyo ta idan ta tsallako.

Ni wani abokina da muka yi FUD tare, ya tafi ƙarin karatu Kanada, shi ya jefa ni cikin hoki. Yana turo min gajerun bidiyo, tun ina dariyar mutane na gudu a kan takalma masu kaifi suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da sanda, har na wayi gari ina ƙona data da tsakar dare ina duba sakamako.

Ga yadda tsarin yake. Babbar gasarsu, NHL, ƙungiya 32 ce. Babu sauka, babu hawa. Ko ka zo na ƙarshe shekara goma a jere, kujerarka tana nan.

Kuma duk shekara ana raba matasan 'yan wasa masu shekara 18 da ɗoriya, su suna kiran abin diraf. Wanda ya fi kowa shan kashi shi ke kan gaba wajen zaɓe. Yaron da ka zaɓa ba shi da ikon ya ce shi wata ƙungiyar yake so a cikin gasar. Naka ne na tsawon shekaru, kuma albashinsa na farko ma an ƙayyade shi.

Kun ga inda gizo ke saƙar? Idan aka ji cewa bana akwai wani yaro da ba a taɓa ganin irinsa ba, zuwa na ƙarshe ya zama kadara.

1984. Pittsburgh Penguins na cikin halin ni-'yasu, filinsu wayam, ga wani yaro Mario Lemieux yana ta'adi a gasar matasa ta Kanada. Dab da ƙarshen kaka suka sayar da babban mai tsaron bayansu Randy Carlyle, suka tura golan da ke ɗan taɓukawa ƙaramar gasa. Suka ƙare da maki 38, New Jersey na da 41. Suka ɗauki Lemieux.

Ya kawo musu Kofin Stanley a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa, ya maimaita a 1992. A 1999 da ƙungiyar ta tsiyace, shi ya saye ta. Duk mai kare faɗuwa da gangan da wannan labarin yake fara wa'azinsa, kuma gaskiya hujja ce mai nauyi. Ba zan raina ta ba.

Amma ku ƙirga: 1984 zuwa 1991. Shekara bakwai, da ɗaya daga cikin fitattun da aka taɓa yi a tarihin wasan a hannunsu. Sai da suka tara masa abokan aiki irin su Jaromir Jagr da Ron Francis da Paul Coffey kafin kofi ya zo.

Bayan an zargi Ottawa da irin wannan wasan a 1993, hukumar ta shigo da ƙuri'a a 1995. Yanzu ko ka zo na ƙarshe ba tabbas, sai dai a ba ka kaso mafi tsoka a canki-canka. Shi kuma yaron da Ottawa ta ɗauka na ɗaya a 1993, Alexandre Daigle, bai zama abin da aka yi zato ba.

Duk da haka akwai waɗanda zaman ƙasan ya yi wa rana. Pittsburgh ta sake nutsewa, ta samu Fleury a 2003, Malkin a 2004, Crosby a 2005, ta ci kofi a 2009, 2016 da 2017. Chicago ta ɗauki Toews a 2006 da Kane a 2007, ta ci a 2010, 2013, 2015.

To sai Buffalo. Nan ne nake so a ɗan zauna.

Kakar 2014/15, duniyar hoki gaba ɗaya ta san Connor McDavid zai shigo. Buffalo Sabres ta shirya zuwa na ƙarshe kamar yadda wasu ke shirya cin kofi. Golanta Enroth ya fara kamawa, aka sayar da shi. Neuvirth ya karɓa, shi ma yana hana a ci su yadda ake so, aka sallame shi.

A watan Maris na 2015 suka karɓi baƙuncin Arizona, ita ma tana can ƙasa. Arizona ta ci a ƙarin lokaci, magoya bayan Buffalo, a gidansu, suka tashi suna tafi. Ka sa kanka a matsayin ɗan wasan da ya sha gudu da karo daren nan, ya ɗaga kai ya ga mutanensa na murnar an ci shi.

Sun zo na ƙarshen kamar yadda suka so. Aka zo ƙuri'a: Buffalo na da kashi 20 cikin 100, Edmonton na da 11.5. Ta faɗa kan Edmonton. An yi noman, wani ya kwashe amfanin.

Buffalo ta ɗauki Jack Eichel a na biyu, kuma shi ma ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. Sai dai daga 2012 zuwa 2025, kaka 14 a jere, ƙungiyar ba ta leƙa ko zagayen neman kofi ba. Ba a taɓa yin fari mai tsawon wannan ba a tarihin gasar.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne makomar yaran. Ryan O'Reilly ya fito a 2018 ya ce yawan faɗuwa ya sa har son wasan yana fita masa a rai. Aka sayar da shi St. Louis, shekara na zagayowa ya ɗaga kofi, kuma shi aka ba gwarzon zagayen. Eichel ya tafi Vegas a 2021, ya ci a 2023. Sam Reinhart, wanda suka ɗauka na biyu a 2014, ya koma Florida ya ci a 2024 da 2025.

Wato ba ido ne ba su da shi wajen zaɓe ba. Yaran na ƙwarai ne. Gidan da aka kawo su ne aka riga aka koya masa cewa faɗuwa ba abin kunya ba ce, kuma wannan karatun ba ya gogewa ranar da shugaba ya ce to yanzu a fara ci.

Edmonton ɗin da ta yi sa'a fa? Zaɓin farko sau huɗu cikin shekara shida: 2010, 2011, 2012, 2015. McDavid ya zama duk abin da aka ce zai zama. Sun kai wasan ƙarshe a 2024 da 2025, Florida ta doke su duka biyun. Abokina na Kanada har yanzu ba ya son a tayar da zancen.

Sannan ku duba waɗanda ake cewa zaɓin sama ne ya gina su. Tampa Bay ta samu Stamkos na ɗaya a 2008, Hedman na biyu a 2009, haka ne. Amma Kucherov na 58 aka ɗauke shi, Brayden Point na 79, kuma kofin sai 2020 da 2021. Detroit ta tsinci Datsyuk a na 171, Zetterberg a na 210. Wannan aikin masu yawon neman yara ne, mutanen da ke zama a filayen sanyi na ƙauyukan Rasha da Suwidin suna rubutu a littafi.

Ra'ayina: zaɓin sama yana ba ka dutse ɗaya mai kyau, in ƙuri'a ta so ka. Ragowar ginin ba faɗuwa ke kawo shi ba. Kuma ƙungiyoyin da suka nutse ba su taso ba sun fi waɗanda ake ba da labarinsu yawa, kawai dai ba mai yin bidiyo a kansu.

Ku lura da wani abu ma: a duk labaran nan shugabanni ne ke raunana ƙungiya daga ofis. Ban da labarin kocin da ya tara yara ya ce ku bari a ci ku. A wajenmu kuwa, da yake ba mu da ofishin da zai yi wannan dabarar, kai tsaye kan yaran ake sauke ta.

Ƙanena gola ne a ƙungiyar unguwa. Yana da shekara 16 aka yi wata gasar hutu a nan cikin gari. Sun riga sun fito daga rukuni, saura wasa ɗaya. In suka ci, za su haɗu da ƙungiyar da kowa ke tsoro. In aka ci su, sai su faɗa ɓangare mai sauƙi.

Da daddare ya same ni a ƙofar gida. "Yaya, koc ya ce gobe in saki hannu." Na ce kai me ka gani? Ya ce, "In na ƙi, benci zan koma, akwai wani yana jira." Na ce masa ni dai ban goyi baya ba, kuma na je na faɗa wa kocin haka. Ya ce, "Malam, lissafi ne, manya ma suna yi."

Aka ci su biyu. Ta biyun ko makaho ya san sakinta aka yi. Lissafin ya yi aiki kuwa, suka wuce zagaye na gaba cikin sauƙi.

A wasan kusa da na ƙarshe ƙwallo ta kuɓuce masa da gaske, irin kuskuren da kowane gola ke yi, ta shige. Kafin ya miƙe wani daga bakin fili ya ɗaga murya, "An sake sayensa!" Mutane suka ɗauka. Ba wanda ya ba shi ko sisi, a na farkon ma. Amma ta yaya zai yi bayani? Ya ce wancan da gangan ne, wannan kuma tsautsayi?

Safar hannunsa tana nan rataye a ɗaki. Yanzu in ya je fili gaba yake bugawa, kuma bai iya ba.

In kuna ganin wannan ƙaramin abu ne, ku tuna Bauchi, Yulin 2013. Wasannin neman hawa ƙaramin rukuni na ƙasa. Plateau United Feeders da Police Machine sun yi kunnen doki a maki, sai yawan ƙwallaye zai raba. Feeders ta ci Akurba 79 da nema. Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema. A lokaci guda.

An tafi hutun rabin lokaci ana 7-0 da 6-0. Ƙwallo 72 da 61 a minti 45. Duniya ta yi mana dariya, NFF ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma, 'yan wasan kuma har abada. Matasa ne irinmu, wasu ƙila ba su da wata sana'ar.

Yanzu Golden Stars. Mun hau Firimiya a 2019. Korona ta katse kakar farko, ba a saukar da kowa ba. A 2021 muka sauka tare da Warri Wolves, Ifeanyi Ubah da Adamawa United. Lokacin ma wasanninmu na gida a wajen jihar ake buga su, Kano da Kaduna.

Na ji masu cewa alheri ne, za a samu natsuwar gini. To wa aka ba mu? Wane yaro ne doka ta ce tunda kun zo ƙasa, ga shi naku ne? A tsarinmu wanda ya sauka shi ake yi wa wasoso. Duk ɗan wasan da ya nuna kansa, wata ƙungiyar Firimiya ta kira shi, ya tattara takalmansa, kuma ba ka da bakin ganin laifinsa. Aka yi hawan 2022, aka yi na 2023, aka yi na 2024, duk ba mu.

Pillars ta sauka a 2022 ta dawo a 2023, amma Pillars ce: kofin lig huɗu, 2008, 2012, 2013, 2014, ga jama'ar da ke cika filin Sani Abacha. Tana da abin da za ta dafa ta miƙe.

Wanda zai kawo min hujja mai ƙarfi sai dai ya ce Remo Stars. Ta sauka a 2017, ta sake sauka a 2019, ta dawo a 2021, ta ɗauki kofin lig a 2025. Na yarda. Sai dai ku je ku ga me Kunle Soname ya zuba a Ikenne: fili nasu na kansu, makarantar horar da yara ta Beyond Limits, da koci Daniel Ogunmodede da aka bar shi ya yi shekaru yana aiki. Tunda ba mai raba musu yara, sai suka kafa wajen renon nasu. Ba saukar ce ta ba su ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Yaran kuwa muna da su. Ka je Birnin Kudu, Kiyawa, Jahun da la'asar ka ga abin da ake yi a filin makaranta ba takalmi. Wanda ya fi fice a cikinsu, in ya samu kuɗin mota, Kano zai nufa.

Wanda ya san wata ƙungiyar Najeriya da sauka ta gina ta, ban da Remo da na ambata, ya ajiye min sunanta da shekarar a ƙasa. Ina so in duba wa ya biya albashi a shekarun da ta yi a can.