Nawa Ne Hoton Biki? Bayani Daga Masu Kyamarar Unguwa

Mu ne matasan nan da kuke gani rataye da kyamara a wajen ɗaurin aure da kamu da dina, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Obalende. Mun daɗe muna jin ƙorafin cewa mun yi tsada, wasu ma cewa suke tunda muka fara riƙe kuɗi muka manta da zumunci. Lokacin bukukuwa ya ƙarato, don haka muka ga da a riƙa maganar a bayan idonmu, gara mu buɗe muku lissafin a nan inda kowa zai karanta.

Abin da aka fi faɗa mana shi ne, "Ai danna maɓalli ne kawai." Ba mu ga laifin mai faɗin haka ba, don abin da idonsa ya gani ke nan. To amma mu ɗauki biki na matsakaicin gida mu ƙirga. Ɗaurin aure da gaishe-gaishen bayansa awa 3. Kamu awa 5. Dina awa 6. Zirga-zirga a cunkoson Legas tsakanin gidan amarya, gidan ango da wajen taro, ko an taƙaita, awa 6. Idan kowa ya watse ya tafi ya huta, lokacin namu aikin ya soma. Mukan dawo da hoto kamar 1,500, a cikinsu akwai wanda amarya ta rufe ido, akwai wanda wani ya gifta da faranti a hannu. Tantance su a fitar da 300 masu kyau awa 3 ne. Gyaran haske da launi, ko minti 3 kacal aka ba kowane hoto, awa 15 ke nan a gaban kwamfuta. A ƙara tsara albam da zuwa Shomolu wajen masu bugawa, an tashi awa 40. Mako guda cur na ma'aikacin ofis.

Yanzu a ce an biya mu naira 100,000, kuɗin da mutane da yawa ke ganin sun yi mana alheri da shi. Albam ya ci 25,000. Yaron da ke riƙe mana fitila yana gadin jaka 15,000, shi ma yana da bakin ciyarwa. Kuɗin mota na kwana uku 15,000. Man janareta da data na tura hotuna 10,000. Sai kuma kuɗin da ba a gani, wato tsufan kayan aiki. Idan kyamara da gilasanta da fitila sun tsaya wa mutum a miliyan 2 da dubu 400, ya yi sa'a suka yi masa shekara 4 yana samun biki 30 a shekara, to kowane biki ya cinye 20,000 daga jikinsu, ko ya ware kuɗin ko bai ware ba. Kyamara ba ta dawwama. Labulen da ke buɗewa ya rufe a cikinta duk lokacin da aka danna yana da iyaka, a yawancin irin waɗanda muke riƙewa tsakanin dannawa 100,000 zuwa 150,000 kamfanin ke ƙiyasta masa. Idan an tara duka an kashe 85,000. Saura 15,000 na awa 40, wato naira 375 a kowace awa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata, in aka raba shi a kan awowin aiki ya haura 400 a awa. Ke nan mai kyamarar miliyoyi ya koma ƙasa da ƙaramin ma'aikaci, ga shi kuma a unguwa ana kallonsa a matsayin wanda ya cuci ɗan uwa.

Waɗannan alƙaluma misali ne, kowa da nasa, amma hanyar lissafin ɗaya ce. Kuma da ita muke fara yanke farashi: abin da za mu kashe, sai ladan awowinmu, sai ɗan abin da za a ajiye don ranar da kaya suka lalace. Duk farashin da ya sauka ƙasa da haka, mu ne muke biyan kuɗin hoton bikin wani.

Masu cewa "ai shekaru uku da suka wuce kaza ka yi wa yayarta" suna da gaskiya, haka aka yi. Sai dai kafin ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a Legas, kuma kafin ƙarshen 2024 sai da ta haura 1,000. Dala da ke wajen 460 a farashin gwamnati ita ma ta wuce 1,500 a 2024. Sana'armu kuwa komai nata da Dala ake auna shi. Canon, Nikon, Sony, babu wanda ake ƙerawa a ƙasar nan. Batir, katin memori, tawadar bugawa, takardar albam, duk shigo da su ake. Manhajar gyaran hoto ta Adobe ma haya ce, wata-wata ake biya. Ka shiga Computer Village a Ikeja yau a faɗa maka farashi, ka koma bayan mako biyu a ce maka ya tashi. Shi ya sa idan muka ba da farashi muke cewa kwana 30 zai yi. Ba wulaƙanci ba ne. Wanda ya zo a watan Rajab ya ji kuɗi, ya dawo bayan Babbar Sallah yana neman a tsaya a kan maganar farko, ya ɗora mana abin da ba mu da iko a kansa.

Iyayenmu sun saba da tsarin da, na lokacin fim mai ɗaukar hoto 36: a ɗauka, a wanke, a ƙirga, kowane ɗaya kaza. Har gobe akwai masu yin haka a ƙofar hol, su ɗauke ka kana shiga, kafin a raba abinci sun kawo maka a takarda ka biya. Sana'arsu ce, kuma muna girmama ta. Amma wanda aka ɗauka musamman don ya bi biki tun daga farko har kai amarya ba zai iya ciniki da ƙirgen hoto ba, don lokacinsa aka saya. Saboda haka yawancinmu muka koma kasa aikin gida uku. Na farko taro ɗaya, mai hoto ɗaya, a tura hotunan a waya, babu albam. Na biyu taro biyu ko uku, da albam, da babban hoto na bango guda. Na uku shi ne na masu hali: bidiyo, ƙaramin jirgin nan mai ɗauka daga sama, hotunan kafin aure, albam na gidan ango da na gidan amarya. Ba ma ɓoye muku, mun san na tsakiya aka fi ɗauka, kuma a kansa muka fi zama mu daidaita lissafi. Amfanin tsarin shi ne, wanda kuɗinsa bai kai ba sai a rage masa aiki, ba a rage ingancin aiki ba. A cire albam, a cire taro ɗaya, farashi ya sauka da hujja. Abin da ba ma iyawa shi ne a ce mu yi na uku a kuɗin na farko.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda sai an yi haƙuri da mu. A kati an rubuta ƙarfe 4, amarya tana wajen mai kwalliya har ƙarfe 8. Mu kuwa tun 3 da rabi muna tsaye. Yanzu muna rubuta yawan awowi a cikin yarjejeniya, abin da ya haura a biya shi daban. Abin mamaki, tunda muka fara haka amare suka rage makara.

Kafin alƙalami shi ne abin da ya fi jawo mana baƙin jini. Mukan nemi rabi ranar da aka tsayar da magana, sauran kuma kafin a miƙa hotuna. Dalili shi ne Asabar 52 ce a shekara, kuma ba duka ake biki ba. Da azumi babu. Ana cunkushe su ne a makonnin da suka rage kafin azumi, da bayan Sallah ƙarama da babba, da watan Disamba. Wanda ya kama mana Asabar a irin wannan lokaci da fatar baki, muka mayar da mutum biyu saboda shi, sannan ana saura kwana huɗu ya ce ƙanen matarsa ya sayi sabuwar waya shi zai ɗauka, ya kashe mana ranar da ba za ta dawo ba. Shi kuwa cikon kuɗi, duk mai sana'ar biki ya san halinsa. Kafin biki ango na ɗaga waya tun a ƙarar farko. Bayan biki kuɗi ya ƙare, ga bashin mai abinci, ga na mai kujeru, mai hoto shi ne na ƙarshe a layi domin ɗan gida ne, ba zai kai ƙara ba. A cikinmu akwai wanda har aka yi sunan ɗan fari bai karɓi cikon kuɗin auren ba, kuma shi aka sake kira ya ɗauki hoton sunan.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi ci mana rai. Idan Alhaji ya je wajen mai hoto na Lekki ko Ikeja wanda ba Bahaushe ba, a turo masa farashi a rubuce, ya tura kuɗi ba tare da ya ce uffan ba, har ya riƙa nuna wa mutane rasit. Idan ya zo wajenmu sai ya tuna cewa shi da mahaifinmu garinsu ɗaya, a mota ɗaya suka zo Ikko. Gaskiya ne, kuma ba ma raina wannan alaƙa, ita ce ta rene mu a garin mutane. Muna yin ragi. Amma yanzu mukan rubuta cikakken farashi, a ƙasansa mu rubuta abin da muka sauke don zumunci, domin ragin da ba a gani ba, ba a gode masa, kuma gobe shi zai zama farashinka a bakin duk wanda aka ba labari. Hajiya ta gaya wa ƙawarta, ƙawar ta gaya wa 'yan adashinsu, kafin wata guda unguwa gaba ɗaya ta san "kuɗinka". Auren marainiya ko na wanda kowa ya san ba shi da shi, wannan daban. Mukan yi shi kyauta, mu kuma yi shi da kyau. Muna dai so mu ne za mu zaɓi inda za mu yi kyautar, kuma da ribar da muka samu a bikin masu hali muke iya yin ta.

Da yawa daga cikinku a gida kuke aurar da 'ya'ya, Kano ko Katsina ko Sakkwato, sai a ce mu biyo. Muna murna da hakan, amma tafiya tana da nata lissafin: kuɗin mota ko jirgi, masauki, da kwana biyu na hanya da ba za mu yi wa kowa aiki ba, ga fargabar ɗaukar kayan miliyoyi a motar dare. Sau da yawa mukan faɗa wa mutum gaskiya cewa ya fi masa sauƙi ya ɗauki mai hoto a can, akwai ƙwararru, har mu haɗa shi da wanda muka yarda da aikinsa. Haka kuma gidan da ba sa son namiji ya shiga taron mata, muna da 'yan uwa mata da suka iya aikin. Sai dai mutum biyu ke nan, kyamara biyu, kuma ita ma kuɗinta ba ya ƙasa da na namiji.

Ga ƙannenmu da suka shigo sana'ar kwanan nan, ba mu hana ku yin sauƙi ba. Wanda bai tara aikin da zai nuna ba dole ya fara daga ƙasa. Amma ku faɗa wa mai biki cewa wannan farashin farawa ne, kuma kada ku sauka ƙasa da abin da za ku kashe don kawai ku ƙwace aiki a hannun wani. Mun ga yara masu basira da suka cika kowace Asabar da aiki, bayan shekara biyu kyamara ta tsaya, babu kuɗin gyara, yanzu suna dako a kasuwa. Su ma masu biki su lura, araha ba ta ado. Wanda ya karɓi kuɗi kaɗan ba zai iya sayen kyamara ta biyu ba, ba zai ajiye hotunanku a wuri biyu ba. Idan abinci bai ji gishiri ba mako guda an manta. Idan katin memori ya lalace, ba za a sake tara dattawan nan a ƙofar masallaci ba, wasunsu ma kafin baɗi sun riga mu gidan gaskiya, kuma hoton nan ne kawai zai rage a hannun amarya na ranar da kakarta ta riƙe hannunta.

Duk mai biki a gaba, idan zai tambaye mu farashi, ya zo da ranaku, da wuraren da za a yi taro, da yawan tarukan, da abin da yake so ya riƙe a hannu a ƙarshe, albam ne ko hotuna a waya. Ya kuma faɗi abin da ya ware, ba don mu cinye ba, sai don mu san gidan da za mu sa shi a cikin ukun nan. Wanda zai iya mayar da kamu ko walimarsa tsakiyar mako, ko ya kauce wa Disamba da makonnin gab da azumi, zai samu sauƙin da ba sai ya roƙa ba, don a ranakun nan kyamarorinmu a jaka suke kwana.