Kan Jirgin da Ya Ƙi Kuka

Mahaifinmu ya yi shekarun ƙuruciyarsa yana fayaman a jiragen kwal tsakanin Zariya da Kano, kafin daga baya ya zama direba. Sa'ad da muka kawo shi birnin Yok na ƙasar Ingila a shekarar 2019, mu biyun da ke zaune a can cikin 'ya'yansa, hawan jinin ido ya riga ya cinye ganinsa, likita kuma ya gaya mana cewa abin da ya tafi ba ya dawowa. Muka kai shi gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin, wanda aka buɗe a 1975, da zaton zai yi murna. Ya shafa jikin wani kan jirgi, ya ji shi da sanyi ƙalau, sai ya ce, "Ku mai da ni gida, wannan ai gawa ce." Daga ranar nan Baba ya rage magana, ya rage cin abinci, hankalinmu ya tashi.

Ana nan sai muka ci karo da wani ɗan kan jirgi na hannu a wajen baje kolin masu sha'awar ƙananan jirage. Irin wanda Ingilishi ke kira OO ne, wato an ƙanƙanta jirgin gaske sau 76, faɗin dogonsa kuwa milimita 16.5. A cikinsa akwai 'yar lasifika da wata 'yar ƙwaƙwalwa da ake kira dikoda, wadda aka zuba wa sautin jirgin tururi. Muka saye shi tare da dogo da tsohuwar na'urar sarrafawa irin ta analog, muka shimfiɗa a teburin cin abinci, muka zaunar da Baba.

Muka murɗa maɓalli, shiru. Muka ƙara murɗawa har kusan rabi, sai ga huci kamar na tukunya, amma jirgi ko motsi. Muka dubi juna, muka tabbata mun yi sayen nama a duhu. Wani dattijo Bature maƙwabcinmu, wanda ya daɗe cikin wannan sha'ani, shi ya kwantar mana da hankali. Ya ce a tsarin analog ƙarfin wutar da ke kan dogo, daga sifiri zuwa bolt 12, shi ne gudun jirgi. Jirgi mai sauti kuwa sai dikodarsa ta fara samun wutar da za ta farka, wajen bolt 5 zuwa 7, sa'an nan abin da ya ƙaru ya tura injin. Ya ƙara da cewa da mai shi na dā ya kashe izinin analog a taskar saiti mai lamba 29, waɗanda ake kira CV, da ko hucin ba za mu ji ba.

Da muka ƙara wuta jirgi ya tashi, sai dai duk sa'ad da ya kai wata kwana sautin ya ɗauke, ya sake farawa tun daga farko. Baba ne ya fara ganowa. Ya ce, "Wuri ɗaya yake shaƙewa, ku duba dogo." Muka goga farin ƙyalle, ya fito baƙi ƙirin. Ashe dattin da jirgi maras sauti zai tsallake ba a ankara ba ya isa ya yanke wa dikoda wuta na ƙiftawar ido, ita kuwa sai ta ɗauka an kashe ta an kunna. Muka wanke dogo da ƙafafun jirgin da sifirit, muka matse wani mahaɗi da ya saki, tafiya ta miƙe.

Baba ya saurara, sa'an nan ya ce, "To, ina usur? Jirgin da ba ya kuka ai sai ya kashe mutane." A na'urarmu babu hanyar busa shi. Sai maƙwabcin nan ya ara mana tasa ta dijital, irin tsarin DCC wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus. A nan wuta na kan dogo kullum, umarni ne ake aikawa cikinta, kowane jirgi da lambarsa. Ya ja mana kunne ƙwarai kada mu kuskura mu haɗa na'urorin biyu a dogo ɗaya, don haka muka cire wayoyin tsohuwar tukuna.

Sabuwar dikoda da lamba 3 take zuwa. Muka kira 3, jirgi ya yi kunnen uwar shegu, domin mai shi na dā ya sake masa lamba. Muka ɗora shi a guntun dogon saiti don mu karanto ta, abin ya faskara, saboda wutar wannan dogo kaɗan ce, 'yan ma'ajiyar wutar da ke cikin dikoda mai sauti kuwa su kan zuƙe ta. Dabarar da ta rage ita ce mu rubuta 8 a taska ta 8, wanda a dikododi da yawa shi ke mai da kome yadda ya fito daga masana'anta. Mun yi jinkiri, domin duk gyaran da mai shi ya yi zai goge, amma da babu gara ba daɗi. Jirgi ya amsa lamba 3, ya kama tafiya kamar kurma. Muka yi ta danna F8 yadda wani littafin Amurka ya nuna, ashe namu na Ingila da F1 ake kunna sautinsa, usur kuma yana F2.

Da usur ya tashi, Baba ya gyara zama, ya ce a sake. Muka sake har sau uku. Can sai ya ɗaure fuska ya ce, "Ku yaran nan, ku ƙirga mini, in ƙafa ta juya sau ɗaya, numfashi nawa yake yi?" Muka rage gudu muka ƙirga, shida. Ya ce, "Silinda nawa gare shi?" Muka ce biyu. Ya ce, "To, huɗu ne daidai, ƙarya yake yi." Muka kwashe daren nan muna sauya lambar da ke daidaita numfashi da juyin ƙafa, muna ƙara ɗaya muna rage ɗaya, shi kuwa yana buga yatsa a kan tebur yana cewa saura kaɗan, har wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya ce ya yi.

A daren nan ya ba mu labarin hawan da ke wahalar da fayaman, da yadda ake zuba kwal dama da hagu don kada wuta ta yi rami, abubuwan da ba mu taɓa tambayarsa ba tun muna yara. Sa'an nan ya ce a ɗumama masa tuwon da ya bari da magariba.