Yini Ɗaya A Gidan Tarihi Na Jos

Dukan wanda ya san ƙasar Bukuru ya san kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Ruwansu a kwance yake kamar ba kome, amma wani ya fi tsawon bene zurfi, kuma gaɓarsa santsi gare ta. A makon farko na babban hutun 2024, wani yaronmu ɗan aji biyar ya bi abokansa wanka a ɗaya daga cikinsu. Da ba don wani mai wankin babur ya ji kururuwa ya miƙa masa gora ba, da yau labarin dabam ne.

Ran Lahadi bayan sujada muka zauna da iyaye. Waɗansu suka ce a kulle yara a gida. Waɗansu kuwa suka ce a buɗe aji, a yi ta karatu har a koma makaranta. Sai wata tsohuwa daga zumuntar mata ta ce, "Malam, yaro kamar ruwan sama ne. In ba ka yi masa hanya ba, shi zai yi wa kansa." A nan muka shirya mu kai su Jos.

Ba mu biya wa kowa kuɗin mota duka ba. Kowane yaro ya yi kwana huɗu yana cire ciyawa a gonar ikilisiya, ladan ya zama rabin kuɗinsa, iyaye suka cika sauran. Muka ce kowa ya zo da tsohon littafin rubutu da fensir, ya komo da amsar tambaya uku: Me na gani? Wa ya yi shi? Ni ma zan iya?

Ran Talata da sassafe muka yi addu'a muka tashi, yara 26, malamai biyu da uwaye uku. Ana yayyafi, ga sanyin Agusta, amma waƙa ba ta yanke ba har muka sauka.

An buɗe gidan tarihin nan a 1952, ta hannun wani Bature Bernard Fagg. Abin da ya fi tsai da yara shi ne kawunan yumɓu na Nok. Nok ƙauye ne a ƙasar Jaba, kudancin Jihar Kaduna, inda masu haƙar kuza suka fara tono irinsu a 1928. Muka gaya musu labarin wani kai da aka samu wajen Jama'a. Wanda ya tsince shi bai san darajarsa ba, ya kafa shi a gonar doyarsa ya zama abin tsoratar da ɓarna, sai a 1943 ya kai ga hannun Fagg. Yara suka yi ta dariya. Da muka ce kawunan sun fi shekara 2,000, watau an gina waɗansu tun kafin haihuwar Almasihu, sai dariya ta tsaya. Wata yarinya ta daɗe tana duban kitson ɗaya daga ciki, sa'an nan ta ce, "Malam, ashe su ma suna da mai kitso!" Ta zauna a ƙasa ta zana shi.

Daga nan muka fita wurin tsofaffin jiragen ƙasa. Akwai ƙaramar hanyar jirgi da ta taso daga Zariya ta iso Jos a 1914 domin jigilar kuza, aka rufe ta a 1957. Kafin zuwanta a kā da bayan jakuna ake ɗaukar kuzar. Maza suka kewaye kan jirgin suna gardama a kan inda ake zuba gawayi da inda tururi yake fita. Yaron nan da aka tsamo daga ruwa shi ya fi kowa tambaya. A nan ne ya gane abin da ya haƙa ramin da ya kusa cinye shi.

Muka ci ɗan guzurinmu na dafaffen dankali da gyaɗa, muka leƙa gidan namun daji da ke kusa. A nan ba mu ce kowa ya rubuta kome ba. Suka yi ta kwaikwayon birai har cikinsu ya yi ciwo, mu ma ba mu hana ba, gama hutu ne.

Da la'asar muka zaga inda aka gina kwatancin gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina na ainihinsa a ƙarni na 19. Duk da ƙasa aka yi su. Yara suka shafa bango, suka ɗaga kai suna duban bakan gizon da ke riƙe da rufi. Wani ya ce kakansa magini ne, amma bai taɓa tambayarsa kome ba.

Amfanin tafiyar sai da muka koma gida ya fito. Yini ɗaya ya ba mu aikin mako huɗu. Da safe kowa ya taimaki iyayensa a gona ko kasuwa. Da yamma, sau biyu a mako, suka taru a harabar makaranta. Aka ɗebo yumɓu, tare da babba kullum, suka gina kawuna da tukwane, da yawa suka fashe a wuta, aka sake. Maza suka yi jirgi da gwangwanaye da karan dawa. Kowane yaro ya je wurin wani tsoho ya ce, "Kaka, ba ni labarin zamanin kuza," ya rubuta shafi ɗaya. Sauran lokaci kuwa ƙwallo da langa da gaɗa. Ran Asabar ta ƙarshe suka baje kayansu, iyaye suka zo kallo. Ba mu ƙara jin an ga ɗayansu a bakin kududdufi ba.

Ya ku iyaye, ba lalle sai Jos ba. Garinku bai rasa maƙera, ko marina, ko tsohuwar ganuwa, ko tsohon da ya san yadda aka kafa garin. Ku haɗu gida uku ko huɗu, ku sa rana tun hutu bai zo ba. Ku bar yaro ya sa guminsa a kuɗin tafiya, ku ba shi fensir da tambaya, sa'an nan ku bar masa filin dariya. Allah ya kiyaye mana su, ya komo da su makaranta lafiya.