Sa'a Guda a Kurkukun Waziri

Yawancin mutanen Tamale sun san Gbalahi da abu guda: can ake kai sharar birni. Mu da muka tashi a nan mun san ta da abubuwa da yawa, amma ba za mu yi musu ba, kwamfutar da muka fara taɓawa a duniya tana kan hanyar juji Kawu ya tare ta. Wani ofis ne ya sayi sababbi ya yar da tsofaffi. Kawu ya ɗaure ta a bayan babur ya kai wa wani mai gyara a Aboabo, bayan mako guda ta dawo da rai. Wasa ɗaya tak muka tarar a cikinta, Prince of Persia.

Turancin da ke buɗe wasan ya fi ƙarfinmu a lokacin, amma labarin bai ɓace mana ba. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri Jafaru ya riƙe gari, ya tsare gimbiya, ya kafa mata agogon yashi: cikin sa'a guda ko ta aure shi ko ta mutu. Saurayinta kuwa an jefa shi can ƙarƙashin kurkuku. Kawu ya kalla ya yi dariya, ya ce, "Waziri ne? Ai tun a Magana Jari Ce muka san halinsa." Daga ranar wasan ya zama ɗan gida.

Zanen ba shi da yawa. Bangon dutse, duhu, wutar jiniya tana kaɗawa, sai ɗan yaro cikin fararen kaya. Amma tafiyar yaron nan ita ta kama mu. Idan ya ruga ya tsaya sai jikinsa ya ɗan zarce, idan ya kama bakin gini sai ya yi lilo kafin ya ja kansa sama, kamar yadda muke yi a katangar maƙwabta. Sai da muka girma muka ji dalili. Jordan Mechner, Ba'amurken da ya fitar da wasan a 1989, ƙanensa David ya ɗauka a bidiyo yana gudu da tsalle, sa'an nan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana zanawa. Ashe ƙanen wani muke ta jefawa kan ƙarafa masu tsini.

Kiɗan ma na gida ne, mahaifinsu Francis ya tsara shi. Kiɗi ne mai rowa. Yawancin lokaci shiru ne, sai takun ƙafa da ƙarar ƙofar ƙarfe tana sauka. Yakan fito idan an sami takobi, ko an sha kwalbar magani, ko an mutu. Wannan ɗan sautin mutuwar ya bi mu har tsakar gida: duk wanda ya fasa kwano ko ya kasa hadda a makarantar allo, sai sauran su rera masa shi da baki.

Abin da ya sa wasan ya zama da zafi shi ne agogo. Minti 60 ne na gaske, kuma mutuwa ba ta tsayar da shi. Za a mayar da kai farkon mataki, lokaci na ci gaba da tafiya. Mu biyar ne a kan kujera ɗaya, dokarmu kuwa wanda ya mutu ya tashi. Don haka gangancin mutum ɗaya hasarar kowa ce. An yi gaba ta kwana uku a gidanmu saboda tsalle guda. Ga kuma ɗauke wuta, wadda ba ta san an kai mataki na nawa ba.

A mataki na 4 akwai madubi da ya tare hanya. Dole a tsallaka ta cikinsa, kuma da ka tsallaka sai inuwarka ta fice ta gudu. Ita ce ke shanye maka magani, ita ce ke rufe maka ƙofa. A mataki na 12 ta tsaya da takobi. Yaya, wanda ya fi mu hannu, ya yi watanni yana sararta, kowace sara kuwa daga ransa take ragewa. Ranar da aka wuce wurin, Auta ce a kan kujera, don Inna ta aiki Yaya sayen kalanzir. Tsoro ya kama ta, ta danna ƙasa, yaron ya mayar da takobi kube. Inuwar ma ta mayar da nata. Suka taho suka haɗe suka zama mutum ɗaya. Da Yaya ya dawo muka faɗa masa, bai ce uffan ba, bai kuma ci tuwon dare ba.

Gimbiyar dai ba mu cece ta ba. Bayan inuwa akwai wani rami mai faɗi da ba a ganin gadarsa sai an taka, muka tsaya a bakinsa muna gardamar wa zai gwada har yashin ya ƙare. Da hunturun shekarar ƙura ta shiga kwamfutar ta ƙi tashi, mai gyaran Aboabo ya ce ba ta da magani. Kawu ya sake ɗaure ta a bayan babur. Wannan karon tafiyar ba ta da nisa.