Zuga-zugin Hayaƙi: Bakanike da Gadon Ƙira a Kafin Hausa

Tun kafin mota ta shigo ƙasar Hausa, maƙeri ya san cewa ƙarfin wuta yana ga iskar da take samu. Gawayin da zai dafa tuwo shi ne zai sa ƙarfe ya yi jajur har ya lanƙwasu, muddin mai zuga ya riƙe zuga-zugi da kyau. Wannan sani shi ne tushen na'urar da makanikai ke kira tabo. Kalmar aro ce daga Ingilishi, kuma a rubuce ta yi karo da tabon da rauni kan bari a jiki.

Injin mota murhu ne rufaffe. Fistin yakan ja iska da fetur zuwa cikin silinda, ya matse su, filogi ya kunna, ƙarfin ƙonewar ya tura fistin ƙasa. Kafin fetur ya ƙone sarai, kowane kilo 1 yana buƙatar iska kusan kilo 14.7. Ke nan abin da ke iyakance ƙarfin inji shi ne yawan iskar da zai iya zuƙa, domin ƙara mai ba tare da ƙara iska ba baƙin hayaƙi kawai yake haifarwa. Tabo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Sandar takan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya. Wato zuga-zugi ne da hayaƙin wutar ke zuga shi da kansa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905. Jiragen ruwa da manyan motocin dizal ne suka fara cin moriyarta, kafin ta shiga ƙananan motoci a Amurka a 1962, sannan ta yi suna da Porsche 911 Turbo a tsakiyar shekarun 1970.

A garin Kafin Hausa da ke masarautar Haɗeja, wani matashin bakanike, jikan maƙera, ya ɗauri aniyar ɗora wannan na'ura a kan tsohuwar Golf da ya saya bayan ta gaji da jigilar fasinja. Karatunsa na boko ya tsaya a sakandare, sauran ilminsa kuwa a ƙarƙashin mota ya same shi, a hannun ogansa, sai kuma bidiyoyin YouTube da yake kallo a waya da dare, yana fahimtar hoton fiye da Turancin. Tabon kansa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya samo shi, an ciro shi daga injin wata Passat da ta mutu. Ya ƙi na babbar mota duk da arharsa, bisa dalili mai kyau: ƙaramin inji ba shi da hayaƙin da zai juya babbar fanka da wuri, sai direba ya taka totur ya yi ta jira, daga baya ƙarfin ya zo masa gaba ɗaya kamar ambaliya.

Aikin farko na walda ne. Sai da ya yanka bututun ƙarfe mai kauri ya haɗa mahaɗar da za ta tattara hayaƙin silinda huɗu ta kai shi ga fanka, domin hayaƙin injin fetur yakan kai zafin digiri 900, kuma siririn ƙarfe tsagewa yake yi. Na biyu shi ne hanyar baƙin mai. Sandar tabo a kan mai take shawagi. In ya yanke mata na ɗan lokaci kaɗan ta ƙone. Ya ja siririn bututu daga inji zuwa samanta, ya huda kaskon mai ya sa mai faɗi a ƙasa, yana gangarawa ba lanƙwasa, saboda man da ya gama aiki nauyinsa ne kawai ke mayar da shi. Na uku, da yake an daɗe da mayar da motar kan kafireta kamar yadda makanikai suka saba yi wa irinta, dole famfon mai ya rinjayi ƙarfin iskar da ake cusawa, in ba haka ba iskar ta hana fetur shigowa daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

A nan ne yanayin ƙasar Haɗeja ya shigo cikin lissafi. Iska in an matse ta zafi take yi, iska mai zafi kuwa tana sa fetur ya tashi da kansa kafin lokacinsa, ya daki fistin yana kan hawa. Makanikai sun san wannan ƙara mai kama da an zuba tsakuwa a gwangwani, sun kuma san cewa ƙarshenta narkewar fistin ne ko ƙonewar gasket. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin bazara ke wuce digiri 40, iskar ta riga ta yi zafi tun kafin ta shiga fanka. Saboda haka ya nemo wani abu mai kama da lagireto ya ɗaura a gaban motar don ya sanyaya iskar, ya jinkirta lokacin tartsatsin filogi, ya kuma saita ƙofar da ke sakin rarar hayaƙi ta yadda matsin ba zai wuce rabin nauyin iskar sarari ba. A lissafin takarda wannan ƙarin rabin iska ne, amma zafi yakan cinye wani kaso. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, domin ƙwayar yashi a irin wannan gudu tana cin bakin fanka kamar zarto, don haka matatar iska ta zama abin dubawa kullum.

Mahaifinsa, wanda ya bar ƙira tun da garmar kanti ta rage masa ciniki, bai taɓa buɗe murfin inji ba. Amma da aka yi masa bayani sai ya ce: "Kai yaro, ai zuga ce. Mai zuga in ya yi gaggawa ƙarfe yake ƙonawa." Ɗan ya amsa: "Haka ne, Baba, shi ya sa na sa mata ƙofa." Cikin jimloli biyu tsohon ya faɗi abin da littattafan injiniya ke faɗa da ma'auni, kuma ya faɗe shi da kalmomin maƙera.

Akwai wani gefe na lamarin da bai kamata sha'awa ta rufe shi ba. Motar da aka ƙara wa ƙarfi tana nan da birkinta na da, da kulocinta, da tayoyinta na hannu. Hanyoyin yankin kuwa na kowa ne: amalanken shanu, da masu babur ɗauke da buhunan shinkafa, da garken Fulani, da 'yan makaranta. Wasan mota da samari kan yi a bukukuwan aure a biranen Arewa ya sha jawo asarar rayuka. Bakaniken da ya san darajar aikinsa yakan fara da birki kafin totur, kuma wannan matashi sai da ya sabunta birki da taya kafin ya yarda ya gwada motar, da sassafe, a hanyar da babu jama'a.

Mai tambaya zai iya cewa mene ne amfanin wannan wahala a ƙasar da damuwarta ita ce ban-ruwa da ambaliya da kacalla da ta toshe magudanan kogi. Amsar tana cikin fadamun kansu. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, noman rani a kwarin Haɗeja ya ƙara dogara ga injin ban-ruwa. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, manoma da yawa sun mayar da injinansu kan iskar gas, kuma makanikan gari ne suka yi musu aikin. Ƙaramin injin ban-ruwa ba ya buƙatar tabo, amma yana buƙatar mutumin da ya fahimci ma'aunin iska da mai. Tarakta da manyan motocin da ke kwashe amfanin gona kuwa da yawansu da tabo suke aiki, kuma wanda ya haɗa shi da hannunsa ba zai tsaya ga canza shi da sabo kawai ba. Irin wannan ƙwazo ba baƙo ba ne a Arewa. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfi a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya yi suna a kamfanin General Motors da zanen Chevrolet Volt. Bambancin shi ne waɗannan an rubuta labarinsu.

Nan ne alhakin manazarta Hausa yake. An yi wa sana'o'in gargajiya hidima mai yawa. Littafin Philip Jaggar a kan maƙeran birnin Kano na 1994 misali ne, haka ma ɗimbin kundayen digiri a kan ƙira da jima da dukanci. Gareji kuwa, wanda a yau yake horar da dubban yara bisa tsarin oga da yaro mai kama da na maƙera, bai sami rabonsa ba. A can ne ake aro, ake gyara furuci, ake faɗaɗa ma'ana: inji yana "bugawa", yana "shan mai", yana "numfashi", yana "tari". Kwamitin ƙirƙirar kalmomi zai iya zama ya samar wa tabo suna a takarda, amma sunan da zai rayu shi ne wanda ya dace da tunanin masu riƙe da sifana, kuma tunanin nan, kamar yadda maganar tsohon maƙerin ta nuna, yana da saiwa a cikin harshen.

Jami'ar Sule Lamido, wadda aka kafa a 2013, a Kafin Hausa take, kuma garejin garin tafiyar babur ce daga ƙofarta. Ɗalibin da zai zauna a benci wata uku da na'urar ɗaukar magana, ya tattara kalmomin inji da yadda oga ke koyar da yaro, zai fito da kundin da masu nazarin harshe da malaman koyar da sana'a za su amfana da shi tare. Ogannin da suka fara aiki a zamanin Fijo 504 suna tsufa, kuma yawancin abin da suka sani a bakinsu yake.