Adakar Littattafai a Bakin Iyaka

A ƙarshen shekarar 2008 ba a wata hira a Illela sai ta Obama. Teburin mai shayi, 'yan kabu-kabu masu jigilar mutane zuwa Ƙwanni, 'yan canjin naira da sefa, har dillalan shanu a kasuwar Lahadi, kowa da nasa sharhin. A lokacin ina koyar da darasin zamantakewa a aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma yaran da ke gabana, 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu, sun ga abin a gidajen kallo. Abin da ya tsaya musu a rai ba jawabin nasarar Obama ba ne. Wani dattijo baƙar fata suka gani a cikin taron, Jesse Jackson, hawaye na bin kumatunsa.

"Malam, mi as sa tsohon ga yaka kuka, ba su sunka ci zaɓe ba?"

Tambayar nan ce ta sa na ajiye abin da manhaja ta tsara, muka shiga tarihin gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka. Na ba su labarin Rosa Parks, mai sana'ar ɗinki a birnin Montgomery, wadda ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a bas ranar 1 ga Disamba 1955, da yadda mutanenta suka ƙaurace wa motocin har kwana 381 suna takawa a ƙasa zuwa wuraren aikinsu. Wannan bai yi musu wuyar ganewa ba, domin duk yaron da ya taɓa shiga motar Sakkwato ya san wanda ake ajiye wa gidan gaba da wanda ake cusawa a baya tare da buhuna. Amma wadda ta fi kama zukatansu ita ce Ruby Bridges, 'yar shekara shida, da jami'an gwamnatin tarayya suka raka makaranta a New Orleans ranar 14 ga Nuwamba 1960, iyayen yara Turawa suka janye 'ya'yansu, ta zauna ita kaɗai a aji da malamarta. Na tuna musu cewa makonni shida ke nan da samun 'yancin Najeriya, kuma a cikin wannan watan Martin Luther King ya zo Legas bikin rantsar da Azikiwe a matsayin Gwamna Janar.

Yaran sun fusata, kuma fushin nasu na gaskiya ne. Sai dai na san fushi ne mai sauƙin ɗauka. Azzalumin yana nesa, launinsa daban, addininsa daban, ba kawun kowa ba ne.

Abin da ya matso da maganar gida ba bakina ba ne. Wata tsohuwar adakar ƙarfe ce da ke ƙarƙashin teburina. Makarantar ba ta da ɗakin karatu, don haka nake tara littattafai da kuɗin aljihuna duk sanda na shiga Sakkwato, wasu kuma abokai suka ba ni. Akwai *Magana Jari Ce* da *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, da *Ganɗoki* na Bello Kagara, da *Jiki Magayi*, da tsofaffin jaridun *Gaskiya Ta Fi Kwabo*, da 'yan littattafan Turanci marasa kauri. Kowace Alhamis, a darasin ƙarshe, sai in buɗe ta. Dokokin ba su da yawa: kowa ya zaɓi abin da ransa ke so, ba jarrabawa a kai, ba maki, wanda bai ji daɗin littafi ba ya mayar ya ɗauki wani ba tare da an tambaye shi dalili ba. Ni ma nakan ɗauki nawa in zauna. Har yau ban san wani shiru mai daɗi irin na wannan ajin ba, a cikin garin da ƙarar manyan motoci ba ta yankewa.

Akwai kuma littattafan Kano, waɗanda ake kira na soyayya. 'Yan mata sun daɗe suna karɓo hayarsu suna ɓoyewa a ƙarƙashin hijabi, wasu abokan aikina kuma suna ƙwacewa idan sun kama. Ban yarda da su a kan wannan ba, kuma ban sauya ra'ayi ba. Yarinyar da ta karance littafi mai shafi fiye da ɗari a dare biyu da hasken fitilar aci-bal-bal ta riga ta mallaki abin da muke ta wahalar koyarwa. Na karanta su da kaina, na zaɓi waɗanda suka dace, na sa a adaka. *Wa Zai Auri Jahila?* na Balaraba Ramat Yakubu, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho, sai da bangonsa ya rabu saboda yawan hannu. Da suka ji cewa ita kanta marubuciyar an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma neman ilimi, sai suka fara riƙe littafin da wata irin daraja.

Wani yaro marar yawan magana, ɗan mai sayar da albasa, shi ya ɗauki *Shaihu Umar*, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta yana malamin makaranta, aka buga a 1934. Labarin yaron da aka sace aka ratsa sahara da shi, uwarsa ta bi sawu, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Da ya dawo da shi bai sa a adaka ba, ya tsaya riƙe da shi.

"Malam, ashe mu ma mun saida mutane? Ni cewa nike Turawa ɗai sunka yi."

Kafin in ba shi amsa wata yarinya ta ɗaga hannu. Dangin mahaifiyarta 'yan Ƙwanni ne, kuma a can ta ji manya na zancen Hadizatu Mani. Ni ma na ji labarin a rediyo, ina ta neman ƙofar da zan shigo da shi aji, sai ga yarinya ta buɗe ta. An sayar da Hadizatu a 1996 tana da shekara goma sha biyu, a kan sefa dubu 240, ta zama abin da ake kira wahaya: ba ta cikin mata huɗu, ba sadaki, ba haƙƙin aure, sai aiki da shimfiɗa. Nijar ta mayar da bauta babban laifi a dokarta a 2003, aka ba ta takardar 'yanci a 2005, amma da ta auri mijin da take so sai aka ɗaure ta bisa zargin aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙarar ƙasarta gaban kotun ECOWAS, kuma ranar 27 ga Oktoba 2008, kwana takwas kafin zaɓen Obama, kotun ta ce gwamnati ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan goma. A kotunan Ƙwanni aka fara shari'ar, garin da yaran nan ke zuwa cin kasuwa da gaishe da kakanni.

Shirun da ya biyo baya daban yake da na ranar Alhamis. A ajin nan akwai yaran da aka taɓa yi wa gori da asali, akwai waɗanda a gidansu aka hana aure saboda an bincika an ce kakan yaro bawa ne. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Na kafa sharaɗi nan take cewa ba za a ambaci gidan kowa ba, daga baya kuma na roƙi malamin addinin Musulunci na makarantar ya shigo. Allah Ya saka masa da alheri, ya yi musu bayani a natse a kan matsayin Bilal a wurin Manzon Allah (SAW), da yadda 'yanta bawa ya zama kaffara, da cewa sayar da ɗa haramun ne. Na ga kafaɗun wasu yara sun sauka a ranar.

Daga nan hanya ta miƙe. Na gaya musu yadda aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, da yadda Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru, wadda a lokacin take cikin Lardin Sakkwato, ya shiga fafutukar talakawa. Na ba su labarin Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka sha ɗaurewa da duka saboda ta ce mata su fito su yi siyasa. Aikin gida kuwa guda ɗaya na bayar: kowa ya je ya tambayi mafi tsufa a gidansu abin da ya gani da idonsa.

Abin da suka dawo da shi ya fi ƙarfin littattafan adakata. Wani kakansa ya ba shi labarin yadda ake shanya magidanci a rana idan ya kasa biyan haraji. Wani, ɗan Fulani, ya zo da labarin yadda ake kora shanu tsallaken iyaka da dare idan masu ƙidayar jangali sun doso, kuma ya yi mamaki da na ce masa gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna sun soke haraji da jangali bayan sun hau mulki a 1979. Wata ta kawo sunan Djibo Bakary daga bakin kakanta na wancan ɓangaren, mutumin da jam'iyyarsa ta Sawaba ta ce a'a ga De Gaulle na Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta ta a shekarar da ta biyo, magoya bayanta da yawa suka tsallako Najeriya. Ta ce tsohon sai da ya rage murya kafin ya faɗi sunan, bayan shekara hamsin.

Wadda ba na mantawa ita ce yarinyar da ta yi lissafi a allo. Na riga na faɗa musu cewa dokar da ta tabbatar wa baƙaƙen Amurka ƙuri'arsu an sa mata hannu a 1965. Ita kuma kakarta ta ce ba ta taɓa zaɓen shugaban ƙasa ko ɗan majalisar tarayya ba sai a 1979, zaɓen da ya kawo Shehu Shagari, alhali matan Kudu sun yi zaɓe tun kafin 'yancin kai. Ta rubuta shekarun biyu, ta ɗebe, ta juyo.

"Malam, shekara sha huɗu. Matan da muka jin tausai sun riga kakata."

A 'yan shekarun can ne aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai bayan fiye da shekara goma aka dawo da shi. Ina ganin an yi wa yaran wannan tsakanin babbar asara, kuma wayar hannu ba ta cike musu gurbin ba, domin ita takan kawo maka abin da ka riga ka sani ne ka nema. Ɗan mai albasan nan bai je neman tarihin bauta ba, littafi ya ɗauka saboda ba shi da kauri.

Da na yi ritaya na bar adakar a hannun wata matashiyar malama. Takan kira ni lokaci-lokaci. Ta ce ta ƙara sababbin littattafai, ta ɗinke tsofaffin da zare, kuma har yanzu na Balaraba ake fara wawaso. Abin da ta roƙe ni shi ne ƙaramin littafi da Hausa mai sauƙi a kan Gambo Sawaba, wanda 'yar aji ɗaya za ta iya karantawa ita kaɗai. Na duba shagunan Sakkwato ban samu irinsa ba, don haka na sayi littafin rubutu na fara da kaina. Yanzu na kai inda Gambo ta tafi Abekuta wurin 'yar gwagwarmaya Funmilayo Ransome-Kuti.