Zan Koma Makaranta Da Furfura

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in bayyana wa 'yan'uwana masu karatu wani al'amari da ya hana ni barci kwanakin nan.

Ni malamin gona ne a wani ƙauye na ƙasar Funtuwa. Shekarata 14 da gama digiri na fari, na yi aure, na haifu, har furfura ta fara leƙowa a gemuna. Ana nan sai ga takarda daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, an karɓe ni in zo in yi digiri na biyu a fannin aikin gona, in kuma hallara ran Litinin ta sama domin taron da a kan yi wa sababbin ɗalibai a nuna musu hanya.

Haɗa takardu kaɗai ya isa wahala. Sawuna 3 zuwa makarantar da na fara kafin a aika da sakamakona, kowane zuwa a ce mai makulli ya fita. Takardar bautar ƙasa kuwa a ƙarƙashin akwatin uwargida na same ta, gara ta ci gefenta. Kuɗin makaranta, san da na turke shi ya biya.

Da na je sallamar mahaifina, sai ya dube ni ya ce, "Kai, wannan karatu naka ba shi da sauka ne?" Na ce, "Baba, ai na sauke, yanzu zauren ilmi za ni." Nan da nan ya gane, domin ya san bayan allo almajiri ya kan ɗauki littafi ya durƙusa gaban malami guda, har ya ƙoshi. Amma ya ce, "To, wane littafi za ka ɗauka?" Na yi shiru.

Tambayar nan ita ce ta tayar mini da hankali. Wani abokina da ya riga ni zuwa ya ce a taron za a kai mu Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, a ja mana kunne kan kwafe aikin wani, daga baya a haɗa kowa da malamin da zai duba bincikensa. Ya ce malamin nan ba zai biya maka karatu ba, abin da zai fara tambayarka shi ne, me ka zo nema? A digiri na fari malami ya faɗa, mu rubuta, ran jarrabawa mu mayar masa da abinsa. Wannan kuwa kai za ka zo da tambayarka, ka yi gwaji, ka rubuta kundi, sa'an nan a kira wani masani daga wata jami'a ya zaunar da kai ya yi ta tankaɗe da rairaya. Ga shi rabona da littafi mai nauyi an daɗe, ga yara sababbin jini waɗanda kwamfuta ta zame musu kamar cokali.

Kwana biyu ina juyayi, sai rannan na bi ta gonarmu ta dawa, na tarad da gefenta na gabas ya yi ja-ja da furen wuta-wuta, dawar duk ta tsumbure. Jama'a, ciyawar nan ba ƙaramar abokiyar gaba ba ce. Tushe guda ya kan zubad da iri dubbai, ƙanana kamar ƙura, su kwanta a ƙasa fiye da shekara 10. Ba su tsira sai sun ji ruwan da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa, sa'an nan su manne mata su yi ta tsotso tun ba su ɓullo waje ba. Auduga da waken soya su kan ruɗe su, su tsira su rasa abin kamawa su mutu. Duk wannan na sha faɗa wa manoma. Abin da na kasa amsa musu shi ne, damina nawa mutum zai yi yana wannan juyi a irin jigawarmu kafin ya mai da dawarsa hankali kwance? Na tsaya a kunya na ce, ashe littafina ke nan.

Samaru kuwa nan ne wurin tambaya, domin tun 1922 a ke binciken noma a can, shekara 40 kafin a buɗe jami'ar a 1962.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba sarai. Kiran ya faɗo a bakin kaka, tsoho ƙarfinsa ya ja baya, ƙanena kaɗai zai yi girbi, kuma ban san ko albashina zai riƙe tukunya biyu ba. Jiya da magariba Baba ya aiko jikansa da ƙullin ƙasa daga gefen gabas ɗin nan, ya ce in kai wa malaman su gani. Na sa shi cikin jaka tare da takarduna.

Ina roƙon waɗanda suka koma karatu da iyali a wuyansu su rubuto ta wannan jarida, su gaya mini yadda suka yi da shekarar fari.

Naka mai biyayya,
Wani Malamin Gona, ƙasar Funtuwa.